Akwatin Da Na Sa Da Hannuna

Zuwa gare ka Anselmo, rabin raina, sanyin idona, inuwar da nake gudowa ƙarƙashinta idan rana ta buɗe wuta a kwarin nan. Zuwa gare ka, ruwan farko da ake sakowa a magudanar gonaki bayan dogon hunturu, wanda ko busasshiyar ciyawa sai ta ɗago kai idan ta ji motsinsa. Zuwa ga mutumin da nake ƙirga kwanaki a gama tsinkar tuffa in zama matarsa, in har bayan ya karanta wannan takarda yana da sauran sha'awar hakan.

Na san za ka yi dariya da ka ga ambulan. Delfina da biro? Delfinar da ta shekara tara tana hawa falwaya tana ja wa mutanen kwarin Yakima intanet, yau ita ce ta koma takarda kamar kakarta? Yi dariyarka, masoyina, ka yi ta yanzu tun kana iyawa. Na zaɓi takarda ne don na san abin da waya take gani, na kuma san irin mutumin da ke zaune a ɗaya ƙarshen yana kallo. Ina cikin tsohuwar motar babana a bakin magudana, safiyar Asabar ce, manyan motoci sai wucewa suke da lodin tuffa, ni kuma wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyaga su.

Ka tuna ranar da na fara zuwa gidanku? Watan Afrilu ne, shekara biyu da suka wuce, gonaki sun yi fari fat da fure, ƙamshi har yana sa mutum jiri. An turo ni in sa wa mahaifiyarka, Mama Remedios, intanet, sai ga ka ka fito hannu duk gari, kana taya ta naɗe tamale, alalen masarar nan da ake dafawa a ganye. Ka riƙe mini tsani ba wanda ya roƙe ka, ka ƙanƙame shi kamar zai gudu. Da na kafa ɗan farin akwatin nan a saman firij, wanda ke raba wa wayoyin gida intanet, ka tsaya kana hararar fitilunsa, ka ce, "Malama injiniya, wannan abin naki yana jin gulmar mutane?" Na ce, "Ba ya ji, amma yana ganin wanda ya shigo da wanda ya fita, kamar tsohuwa a bakin ƙofa." Mama ta juyo da ludayi a hannu ta ce, "Wace tsohuwar?" Na yi dariya har na kusa sakin sukudireba. Ranar ce na yi maka alfahari da dokar ɗan kamfaninmu na haɗin gwiwar manoma: duk abin da akwati ya gani, bayan kwana bakwai sharewa muke yi. Wata shida na yi ina tada jijiyar wuya a taro kafin a yarda da dokar nan. Ka dube ni ka ce, "Ashe ke mai rufa asiri ce." Da wannan kalmar ka sace ni, Anselmo, ko da yake idanunka ma sun yi nasu aikin.

Tun daga ranar ban ƙara mallakar kaina ba. In na hau falwaya na hango dutsen nan mai farar hula ta ƙanƙara, kai nake tunawa, don shi ma ba ya motsi, ba ya surutu, amma duk inda mutum ya tsaya a kwarin nan yana ganinsa. Wa ya koya maka yin shiru irin wanda ke cika ɗaki? Wa ya ce ka riƙa ajiye mini tuffar farko ta bishiyar bayan gida, kana goge ta a rigarka kafin ka miƙo? Kai ka saba mini, kai ka lalata ni, har na zama ba na iya ganin wata ta tsaya kusa da kai ban ji wuta a ƙirjina ba.

Sai watan Maris ɗin bana ya kawo mana Lauya Itzel Barragán daga birni. Wayyo ni! Da ma wata mai tsawa suka turo, mai ɗaurarriyar fuska, wadda yara ke gani su watse. Ina! Sai suka zaɓo doguwa, mai baƙin gashi har gadon baya, mai murya kamar ana zuba zuma a shayi, suka ce ita za ta taimaki ofishinku na kare masu tsinkar tuffa. Na san aikin da ta zo yi, ban ce ban sani ba. Da yawa daga cikin masu hawa tsani a gonakin nan ba su da takardun zama, kuma tun da jami'an shige da fice suka fara tare mutane a hanyar gona, kowa ya gane waya ce ke fara tona mutum kafin maƙwabci. Ita ta ba ka waya ta biyu. Ita ta sa maka manhajar da saƙo ke goge kansa bayan awa ɗaya. Ita ta haɗa maka VPN, abin nan da muke kira bututu a wurin aiki, don kamfanin intanet ya daina ganin inda kake shiga. To wane ne kamfanin intanet a kwarin nan, Anselmo? Ni ce! Wata mace ta taso daga birni ta gina katanga tsakanina da kai, kuma abin haushin, ta gina ta da kyau. Na duba aikin sama da ƙasa, ban samu abin kushewa ba.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne na wata Lahadi a zauren coci, bayan an tashi. Na shigo da kofi biyu, ɗaya nawa ɗaya naka, sai na same ku a kusurwa, waya kusa da waya, kai kusa da kai, tana karanto lambobi biyar-biyar kana amsawa. Na san ko mene ne. Ni nake koya wa mutane shi! Idan mutum biyu suna so su tabbatar babu na uku da ya kutsa tsakanin saƙonninsu, sai su haɗu ido da ido su gwada lambobin tsaro guda sittin, in sun zo ɗaya shi ke nan. Aikin minti biyu ne, ba ɗanɗano ba ƙamshi. Amma ka taɓa jin yadda lamba ke fita daga bakin macen da ta san tana da murya? Ka lura gashinta ya taɓa kafaɗarka wajen lamba ta arba'in? Ni na lura. Kofin ya huce a hannuna ina tsaye. Sai na tuna, shekara biyu muna tare, an sa mana rana, ka san lambar takalmina, na san maganin da Mama ke sha, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa kawo wayarka kusa da tawa ka ce zo mu tabbatar babu kowa tsakaninmu ba.

A mota na kasa daurewa, na ce, "Wai me kuke faɗa a wayar nan da har sai ya goge kansa?" Ka shafa kumatuna ka ce, "Haba Fina. Ba asirina ba ne balle in ba ki, na mutane ne." Ka ƙara da cewa ranar Alhamis da yamma in daina biyowa ta gidanku. Gaskiya ka faɗa, kuma da ni aka yi wa tambayar, amsar da zan bayar ke nan. Kaina ya yarda nan take, amma zuciyata ta ƙi sauka daga motar. Alhamis kawai ta ji, ta riƙe.

To ga abin da na yi, kuma zan faɗe shi a miƙe, don in na yi kwana ba zan iya ba. Ranar Talatar farko ta Agusta, da tsakar rana, abokan aikina sun fita cin abinci, na zauna gaban kwamfuta na nemo akwatin gidanku a cikin akwatuna dubu biyu da ɗari uku. Na cire shi daga dokar kwana bakwai. Na sa shi ya riƙa rubuta mini duk wayar da ta shigo gidan, da lokacin da ta shigo, da lokacin da ta fita, ya kuma ajiye. Bai ɗauke ni minti uku ba. Na ce wa kaina kwana ɗaya kawai. Sati huɗu na yi.

Bututun lauyarka ya yi aikinsa, ban ga ko kalma ɗaya daga saƙonninka ba. Amma waya ba ta da kunya, tana shiga gida take yin sallama da sunan da mai ita ya raɗa mata. Duk Alhamis ƙarfe biyar, waya goma sha ɗaya ke shigowa gidanku. Wasu ma da sunan masu su tsirara, har da na mahaifi, kuma ba zan rubuta su a nan ba. Ƙarfe shida da rabi goma su fita. Ɗaya ta tsaya. Ita ba ta da sunan mutum, Tsattsewa aka sa mata, kuma takan ƙara minti arba'in, wani lokacin hamsin, daidai lokacin da na san Mama tana wurin koyon waƙar coci. Tsattsewa! Wace ce za ta sa wa wayarta sunan tsuntsu in ba mace mai dogon wuya da yanga ba? Me ake faɗa a minti arba'in wanda ba a iya faɗa gaban mutum goma? Na daina cin abinci ranar Alhamis. Na tsani tsuntsayen da ke sheƙa a ƙarƙashin gadar magudana, bayin Allah da ba su yi mini komai ba. Sauran goman kuwa, Allah ya gafarta mini, ko kallo na biyu ban yi musu ba. Ni dai ina zaune ina jiran Tsattsewa ta tashi.

Sai Lahadin da ta wuce, a teburin Mama, kana ɓare ganyen tamale kana ba ta labari kana dariya. Ka ce Lauya Itzel ta so ta cire farin akwatin saman firij ta sa nata, wai ita ba ta yarda da kayan kamfani ba, har kun kusa ɓatawa a kai. "Na ce mata, Lauya, ki taɓa komai a gidan nan, ban da wannan. Delfina ce ta sa shi da hannunta. Ranar da akwatin nan ya ci amanata, ki zo ki aske mini gashin baki." Mama ta ce, "Ka yi daidai, ɗana," ta ƙara mini tamale biyu a faranti tana cewa, "Ci, 'yata, kin rame, kar rigar aure ta yi miki yawa." Ka ga na tashi na shige bayi na daɗe? Ba barkono ba ne, ƙarya na yi muku. Ƙofa ɗaya tak ka bari a buɗe a duk gidan nan, saboda ni ka bar ta, har ka yi faɗa da lauya a kanta, ni kuma ta nan na shigo.

Ranar Laraba kuma shugabanmu, Oga Halvorsen, ya tara mu. Ya ce hukuma ta kai wa wani kamfanin intanet a ƙetaren tsauni takarda, a ba ta bayanan wasu gidaje, su kuma sun miƙa, don suna da su a ajiye. Ya buga tebur ya ce, "Su zo nan mana! Mu zuba musu kofi, mu nuna musu kwana bakwai, su kama hanya. Abin da ba mu ajiye ba, uban wa zai ƙwace shi? Ku gode wa Delfina." Suka tafa mini, Anselmo. Suka tafa, ni kuma ina zaune a kan wayoyin mutum goma sha ɗaya, da adireshin gidan mahaifiyarka, da rana, da awa, jere reras, irin jerin da jami'i zai yi wata uku bai haɗa ba. A nan ne na fara ganin goman nan. Ɗaya tana da 'ya'ya uku a firamare. Ɗaya shi ne dattijon da ya gyara wa babana famfo ya ƙi zama ko ruwa ya sha. Ni na ɗana musu tarko da hannuna, don kawai ina so in san ko wata ta fi ni a wurinka.

Na koma teburina na share. Amma na'urarmu tana kwafe komai zuwa ma'ajiya ta biyu, wadda ba ta buɗuwa sai da mabuɗi biyu, nawa da na Oga. Wannan ma ni na tsara shi, wai don kada ma'aikaci ɗaya ya yi abin da ya ga dama. Kwana biyu ina zagaye ƙofar ofishinsa. Jiya Juma'a na shiga na faɗa masa duka. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya ce, "Gidan saurayin naki ne?" Na ce e. Ya ce, "Yarinya, ai da kin tambaye shi da ya fi sauƙi." Ya kira lauyan kamfani, aka tabbatar babu wata takarda da ta iso mana tukuna, sannan muka sa mabuɗi biyu muka share, yana tsaye a kaina. Da muka gama ya miƙo hannu, na ba shi mabuɗina da na motar aiki. Kwamitin manoma zai zauna a kaina ranar Talata, kuma ba na sa rai.

Ba aikin nake wa kuka ba, masoyina. Ga roƙona, kuma ka san abin da ya ci a jikina kafin in iya rubuta shi: ka kai wa Lauya Itzel wannan takarda. Ita ce ta yi gaskiya, kai ne ka yi kuskure, kuma kuskuren naka ni ce. Ta cire akwatin nan kafin Alhamis, domin abin da na kunna a minti uku, duk wanda ya gaji kujerata ana iya tilasta masa ya kunna da takarda ɗaya. Ta sa nata, wanda kamfani ba ya iya leƙawa. Mutanenku su goge sunayensu daga wayoyinsu, ranar taro ma su bar su a gida ya fi. Ku kuma gaya musu abin da na yi, haƙƙinsu ne su sani, in suna so in zo in tsaya gabansu zan zo. Na san za ta karanta ta ɗaga girar nan tata ta ce, "Ai na gaya maka." Ta faɗa, ta ci. Mama kuwa ka bar ni in same ta da kaina. Ta taɓa tambayata wace tsohuwar ce a bakin ƙofa, lokaci ya yi da zan ba ta amsa.

Amma kada ka ɗauka na warke. Ban warke ba! Ina kishin wayarka ta biyu da ke zaune a aljihun ƙirjinka tana jin bugun da nawa ne. Ina kishin saƙonnin da ke rayuwa awa ɗaya a idonka su mutu ba wanda ya san su sai kai. Ina kishin Alhamis, ina kishin kujerar da ake zama a kai, yanzu ma ga shi zan yi kishin akwatin wata a saman firij ɗin da na zaɓa wa nawa. Na share Tsattsewa daga na'ura biyu, amma ina mabuɗin da zai share ta daga kaina? Arba'in, hamsin da biyu, talatin da takwas, arba'in da biyar, na haddace su kamar addu'a. Wataƙila lauyar ce take tattara takardu. Wataƙila wani bawan Allah ne da bai iya karatu ba kake cike masa fom. Wataƙila kuma abin da nake tsoro ne. Ban sani ba, kuma na toshe wa kaina duk wata hanyar sani sai guda ɗaya, bakinka. In asirin mutane ne, ka ce asirin mutane ne, zan cije leɓe in zauna da shi har tsufa. In kuwa zuciyarka ce ta yi sheƙa a wani wurin, ka dube ni ido da ido ka faɗa mini, kada ka bari in tsinta a bakin mutane.

Gobe Lahadi zan zauna a bencin ƙarshe. In an tashi zan tafi kusurwar nan ta zaure, inda na taɓa tsayawa da kofi biyu, in ajiye wayata a kan tebur. Na sa manhajar jiya, lambobinmu sittin suna nan suna jira, ba wanda ya taɓa karanta su. In ka zo, ka ja kujera, ka kawo wayarka kusa da tawa. Zan karanto biyar-biyar kana amsawa. Muryata ba zuma ba ce, muryar mai ƙwala kira daga saman falwaya ce, kuma na san za ta karye kafin mu kai ashirin, sai ka yi haƙuri da ita. In ba ka zo ba, zan jira har a kwashe kujeru a rufe zauren. Ba zan san inda kake ba, ba zan san da wa kake ba, ba ni kuma da wurin dubawa. Da hannuna na rufe, kuma ko zai kashe ni ba zan sake buɗewa ba.

Taka ce ni, ko ka zo ko ba ka zo ba, a bana da baɗi da duk shekarar da tuffa za ta yi fure a kwarin nan, mai kishinka da ba ta da wani sai kai,

Delfina Arreola